Lambobin da Suka Kai Ni Babban Mutum

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da abokina, kundin digirina na kimiyyar sinadarai a cinyata. Ran Laraba ke nan, Jumma'a za a rufe karɓa, malamin da ke duba aikina kuwa ya tafi garinsu, Babban Mutum, girbin gero. In bai sa hannu ba, sai baɗi.

Direban motar da muka shiga kamar aiko shi aka yi ya gwada haƙurina. A Kazaure ya tsaya shan shayi, gaba kaɗan ya tsaya lodin albasa. A Daura muka sha fura a tsaye, mai furar tana ta kukan tsadar nono, na biya ko tayi ban yi ba. Wata ƙaramar mota ta bi da mu ta Zango, dammunan gero hagu da dama, ni dai agogo nake kallo.

A bakin gona muka sami Malam. Ya buɗe kundin, ya ɗora yatsa kan lamba goma sha bakwai, a ƙarshen wata jimla kan gubar dalma a ruwan rijiya, sannan ya juya jerin manazarta. Sha bakwai ɗin takarda ce kan rinin fata! Ashe mai buga mini aikin ya yi gwaninta, ya jera manazartan bisa haruffa kamar yadda yake yi wa 'yan tarihi, ya bar lambobin ciki yadda suke. A fanninmu kuwa wanda ka fara ambata shi ne ɗaya, na biye biyu, kowa da lambarsa duk inda ya sake fitowa.

Muka baje kan tabarma. Abokina yana kiran lamba, ina lalubo mai ita, Malam yana gyarawa da jan biro, har bayan la'asar. Na ce zan koma Daura in sake bugawa in dawo. Ya ce lokaci ba zai kai ni ba. Ya zare shafin sa hannu, ya rattaba.

"Ban ga gyararren ba, amma ga sunana. Kada ka jingina shi da ƙarya."

Alhamis na koma gida, na zauna gefen mai bugawa, lamba bayan lamba. Na miƙa ran Jumma'a da hantsi. Abin da na koyo, lambar nan shaida ce kake kira, kuma wallahi da Malam ya zage ni, da nauyin bai kai haka ba.