Ƙwallon Dabinon Malam Mode

Malam Mode ɗan majema ne, haifaffen Ƙofar Rini. Cikin warin bagaruwa ya buɗe ido, amma boko ya ja shi, ya bar wa yayansa Auwalu wuƙar jima da kwatarnin mahaifinsu. Ya yi furfura da alli a hannu a wata sakandaren 'yan mata, yana horar da su muhawara. Duk da haka kowace Juma'a a majemar yake cin tuwo, kwano ɗaya da Auwalu.

Yana da ƙa'ida: ɗaliba ba ta zaɓar ɓangare. Ƙwallayen dabino biyu yake dunƙulewa, ɗaya da tabon tawada. Wadda ta ɗauki mai tabo ita ce mai goyon baya. Kuma ba mai buɗe baki sai ta je ta gani da idonta. "Hujjar da ba ta sha rana ba ɗanya ce," in ji shi.

Shekarar da aka sa gasa a kan ko a fitar da majemu daga cikin gari, Fauziyya, mafi kaifin harshe a ajin, ita ta ɗauki mai tabo. Da ya so, da ya ce a sake. Bai ce ba. Shi da kansa ya kai ta majemar gidansu.

Auwalu ya tare su da dariya. "Mode, ɗiyag ga jima za ta koya, ko hancinta kak kawo a jeme?"

"Tambaya za ta yi, Yaya."

"Ta yi ta yi. Mi muka ɓoyo?"

Ya nuna mata komai: ruwan toka, jiƙon bagaruwa, fatun jar akuya shanye a igiya, har kwatar da baƙin ruwa ke bi ya fita unguwa. Fauziyya ta bi kwatar da ƙafa har gindin rijiyar maƙwabta, ta ji ta bakin matan gidan. Da ta dawo da hujjojinta, Malam Mode ya zauna ya wasa su ɗaya bayan ɗaya, ya toshe mata duk ƙofar da abokiyar hamayya za ta iya shigowa.

Ranar gasa ta yi magana kamar ruwan farkon damina a kan rufin kwano. Aka tafa, ta ɗauki kofi. Cikin manyan baƙi akwai wani jami'in tsabtar gari da bai tafa ba, sai dai ya tambayi sunan layin. Kafin kaka an rufe majemar. Sauran majemun da ba wanda ya kai ɗaliba cikinsu suna nan suna aiki har yau.

Juma'ar da ta biyo baya Malam Mode ya je. Kwatarni a kife, igiya babu ko fata ɗaya. Auwalu na zaune a tabarma yana duban tafin hannunsa da bagaruwa ta rina.

"Yaya, wallahi ƙuri'a ce ta faɗa..."

"Ƙuri'a tas san hanyar gidanmu?"

Aka fito da tuwo, kwano biyu. Auwalu ya tura ɗaya da bayan hannu zuwa bakin tabarma.

"Ga naka can, Malam."