Gaisuwar da Alu Mai Akwati Ya Hana a Amsa

Hoton ya fito, jama'a! Takarda ta goma cikin goma, ta ƙarshe, kuma bakin kakata ya dushe a ciki kamar an shafe shi da yatsa. Da a waya ne da tuni na goge. Wanga kuwa ko sabon mashin za a ba ni, ba ni sake shi. Bari in koma baya don ku gane.

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kakana, Alu Mai Akwati, Allah Shi gafarta mai. Masu furfura a Isa sun san shi. Shi ne mai hoton da ke kafa akwatin katako mai ƙafa uku a bakin kasuwa, ya tura kai cikin baƙin mayafi. Har Bafarawa yake zuwa da shi ranar kasuwa, a bayan keke. Ni ban tarar da zamanin ba. Tsoho na sani mai sauraren rediyo, wanda in ka tsaya gaishe shi sai ƙafarka ta yi sanyi, don ba ya gajiya da gaisuwa.

Sunana Bashar, ina shekarar ƙarshe a karatun jarida a Sakkwato. Malaminmu ya ba mu firojet mai zafi: kowa ya nemo tsohon hoton garinsu, ya koma wurin da anka ɗauke shi, ya sake ɗauka da kayan aikin wancan zamani. Ba waya, ba filta. 'Yan ajinmu sunka shiga tashin hankali, kowa na cigiyar tsohuwar kyamara a guruf. Ni dariya na yi, don na san abin da ke cikin kwallar kakata, Inna Kulu: idon kyamarar Baba Alu, gilashi cikin tagulla, nauyi kamar dutsen guga. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Nijar ya kawo mai shi tun yana saurayi, kuma ko a lokacin tsohon abu ne. Akwatin kam gara ta gama da shi, sai da Malam Garba kafinta ya ƙera mini wani.

Hoton da na zaɓa cikin na Baba na 'yan mata uku ne a kan benci, gindin tsamiyar bakin kasuwa. Ta tsakiya Inna ce tun kafin ta auri Baba, ranar ta zo daga Kurawa cin kasuwa. Komai ya fito ras, har zaren kallabi, ban da bakinta. Tun ina yaro abin ke ba ni mamaki. Sauran fuskokin mutane a duk hotunan Baba kuwa iri guda ne: baki a rufe, kumatu a ɗan cike, ido na dariya, kamar kowa ya ƙunshi wata magana. Mi yake yi musu?

Ga inda gizo ke saƙa. Tun da ya rasu Inna ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba. Ka ɗaga waya ta ja mayafi. Ba mu da hoton tsufanta ko guda, kuma bana jikin nata sai a hankali. Da na kai mata maganar, ta daɗe tana juya idon tagullan a hannu.

"In da wanga ne, za ni zauna," in ji ta. "Amma so guda, maigida. In ka ɓata, ka ɓata."

"Haba amaryata, ni fa ɗan jami'a ne."

"Shi ya sa nic ce in ka ɓata."

Ashe ta san abin da take faɗi. Idon nan ba shi da maɓalli. Murfin fata gare shi: ka cire, haske ya shiga ya zauna kan takarda, ka mayar. Tambayar ita ce, har tsawon wane lokaci? Lambobin jikinsa sun goge, manhajar wayata ta rasa ta cewa. Takardar hoto goma malam ya ba ni da ruwan wanke hoto. Na ɗauki bango, na ɗauki turmi, na ɗauki rumbu, ina danna agogon waya ina ta yanga. Wata ta fito baƙi ƙirin, wata fari fat. Kafin in farga takwas sun tafi.

Inna na zaune tana tsintar gero tana kallona. Sai ran nan ta ce, "Kai mi kake dannawa haka? Alu bai taɓa ƙirge ba. Gaisuwa shikai."

Na aje wayar.

Ashe in ya jera mutane, sai ya ce musu zai gaishe su, amma kada wanda ya amsa sai ya mayar da murfi. Ya cire ya fara. In rana ta take, "Ina wuni, ina gajiya," shi ke nan ya rufe. In a inuwa ne ya ƙara da ina gida, ina yara, ina aiki. In akwai hadari sai ya bi ka har gona: ina ruwa, ina shuka, ina bisashe, ina mutanen garinku. Agogonsa ke nan. Kuma ku duba dabara: mutumin ƙasar nan a gaishe shi a hana shi amsawa? Ai numfashi ma riƙewa yake, yana jiran a sake shi.

Na kwasa da gudu sai shagon Malam Garba. Na zaunar da shi a inuwa, na gaya mai doka, na cire murfi na fara. Bawan Allah ya ƙame, jijiyar wuya ta tashi. Ina rufewa ya sako su a jere: "Lahiya lau, ba gajiya, gida lahiya, yara lahiya, aiki da godiya. Kai yaro, ka so kashe ni." Takarda ta tara ta fito tsaf. Ga kumatun nan, ga idon nan mai dariya. Fuskar da nake tambaya a kai tun ina yaro, ashe "lafiya lau" ce a ƙunshe cikin baki.

Tun ranar nake tunanin abin da Baba zai ce da ya ga yadda muke yi yanzu. Ni kaina ina iya yin selfi arba'in kafin in sha koko, in goge talatin da tara. Ba na jin zai yi faɗa, mutum ne mai son sanin abu. Ina jin zai karɓi wayar ya jujjuya, ya tambayi inda ake tura kai. In na nuna mai filta ya ce a gwada a kansa. Amma na san tambayar da za ta biyo baya: to a ina ake gaisawa? Mukan ɗauki mutum a biki ko a tasha bai ma san an yi ba. Shi kuwa bai taɓa ɗaukar wanda bai tambayi lafiyar gidansu ba, don in bai tambaya ba hoton ba ya fita. Ko da gangan ya tsara haka, ko dai agogo ne ba shi da? Wannan ban sani ba, kuma babu wanda za ni tambaya.

Ranar Inna hadari ya haɗo ta gabas. Tsamiyar na nan, sai dai bayanta yanzu rumfar cajin waya ce. Ta zauna tsakiyar benci. A'i, ta hannun damanta a tsohon hoton, ta rasu. Hasi ta hagu aure ya kai ta Nijar, labari ya yanke. Inna ta ce a bar musu wurinsu. Na tura kai cikin mayafi, na gan ta a gilashi kai ƙasa ƙafa sama, haka akwatin ke nuna mutum. Na fito, na saka takarda.

"Amarya, guda ta rage. Ko mi nic ce, shiru."

"Na san doka tun ba a haifi ubanka ba."

Na cire murfi. Hadari ne, don haka doguwa ce. Ina wuni. Ina gajiya. Ina gida. Ina ruwa. Ina bisashe. Tana zaune kamar an dasa ta. Sai na zo ta ƙarshe: "Ina mutanen Kurawa?"

"Suna lahiya," in ji Inna.

Na mayar da murfi. Na ce, "Inna, kin kashe ni."

Ta goge ido da bakin mayafi. "Wancan karon ma nan nib ba shi amsa. A tambayi mutanenka ka yi shiru? Yac ce ba shi sakewa, kuma shi da kai nai yak kai hoton har Kurawa. Shekara bakwai ban ji gaisuwar nan a jere haka ba, Bashar. In ƙi amsawa?"

Da na wanke, na aje su gefe da gefe. Yarinya da tsohuwa, benci guda, tsamiya guda, baki a dushe wuri guda. Malaminmu ya daɗe yana kallo, sannan ya yi alkawarin ƙaro mini takarda.

Akwatin Baba gara ta ci, kekensa ban san inda ya ƙare ba. Abin da ya rage ido guda na tagulla, da jerin gaisuwar da har yau ke aiki, da tsohuwa guda da ta kasa barin ta ta faɗi ƙasa.

Roƙona ke nan. Wanda ke da tsohon hoto a gida mai irin fuskar nan, daga Isa, Bafarawa, Kurawa ko Sabon Birni, ya tambayi jikan Mai Akwati a bakin kasuwa, za ni zo da akwatina mu gaisa. Wanda kuma ya san Hasi 'yar Kurawa da ta yi aure a Nijar, ko ɗiyanta, ya gaya musu wurinta na nan a benci. Don Allah ku tura wa na gaba.