Takalmi Mai Ƙusa

A shekarun da na yi ina tuƙi a Riyad, babu wanda na ɗauka a mota da ya tsaya mini a rai kamar wani Bajamushe, injiniya a wata masana'antar bututun roba da ke Birnin Masana'antu na Biyu. Kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, shi ne ya haɗa ni da shi, in ɗauko shi da safe, in mayar da shi masauki da yamma. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Larabcinsa guntu-guntu ne, Turancina ma haka, sai muka haɗa biyun muka samu abin hira a cunkoson hanya.

A nan na ji cewa da ƙuruciyarsa ɗan wasa ne, irin masu yin wasa goma cikin kwana biyu. Su yi gudu gajere da dogo, su yi tsalle, su jefa mashi da faifai da ƙwallon ƙarfe, har da tsallake sanda da doguwar gora. Kowane wasa da makinsa, a ƙarshe a tara. Tun yana ɗan makaranta aka ba shi mai koyarwa da likita, da fili mai rufi saboda sanyi. Ya yi shekaru yana cikin na gaba-gaba a ƙasarsu, amma bai taɓa zuwa babbar gasar duniya ba. Shekarar da ya kusa, a wasan gora ya raina ƙaramin tsayi, ya ce sai an ɗaga sandar zai fara. Aka ɗaga, ya kasa, ya tashi ba maki ko ɗaya. Bayan nan jijiyar ƙafarsa ta tsinke.

Yana ba da labarin yana dariya, ni kuwa ban taya shi dariyar ba. Domin ni ma na yi gudu. A firamaren garinmu babu yaron da ya taɓa wuce ni, bayana kawai suke gani. Babu takalmi nake gudun, a kan tsakuwa. Babu wanda ya riƙe mini agogo, babu wanda ya ɗauke ni hoto. Na gama aji shida, mahaifina ya kai ni tasha in koyi mota. Shi wannan an ba shi komai ya faɗi, ga shi ana buɗe masa ƙofar mota. Ni ne mai buɗewar.

Da sanyi ya shigo, ya nemi izinin mudir, wato shugaban masana'antar, ya shirya wa ma'aikata irin wasan nasa a filin bayan sito, Juma'a biyu a jere, da hantsi kafin masallaci. Bututu ya zama mashi, tsohon faifan birki ya zama abin jifa, aka tara katifun da aka yar. Kyauta kuwa, sai ya fito da ita daga jakarsa: takalminsa na gasar ƙarshe, fari mai ratsin shuɗi, da ƙananan ƙusoshi a tafinsa. Na karɓa na juya shi. Ba nauyi, kamar ka riƙe ɓawon gyaɗa. Lambar ƙafata ce. Tun daga lokacin na sa a raina nawa ne.

A ɗakinmu na unguwar Manfuha akwai wani ɗan Maradi, mai lodin kaya a siton, gajere mai kauri, ba ya iya gudu ko kare ya biyo shi. Shi ma ya ce zai shiga.

"Kai da wace ƙafar?" na ce masa.

"Da wagga dai da Allah ya ba ni, Baba. Ai ba a ce sai mai kyan tahiya ba."

Ranar farko na shiga gudun zagaye fili. Ina dab da hamsin a lokacin, amma na bar samari masu shan taba suna tari a baya. Bajamushen ya tafa mini, ya ce da an same ni da wuri da an ji labari. Wannan magana ta yi mini daɗi, ta kuma yi mini ciwo.

Sai aka zo tsallake igiya a faɗa kan katifa. Na tsaya na ga yadda ake yi: mutum ya tashi, ya faɗo da baya, ƙafafu a sama, riga ta yaye, jama'a na shewa. Yaran nan duk Baba suke ce mini. Wasu ni na karɓe su ranar da suka sauka, ni na bi musu layin iƙama, takardar zama, ni nake raba su in sun yi faɗa. Ina ni ina shure-shure a gabansu da gemuna? Na koma gefe na naɗe hannu.

Bajamushen ya zo ya dafa ni, ya kira ni aboki da guntun Larabcinsa. "Yalla, sadik, ko ƙasa-ƙasa ne ka tsallake. Ko kaɗan maki ne."

Na ce masa bayana ke ciwo. Ya dube ni, ya dubi ƙafarsa ta hagu, ya koma wurin masu tsalle.

Duk wani wasa mai faɗuwa haka na bar shi ya wuce. Ɗan Maradi kuwa babu wanda ya bari. A gudun tsallake shinge ya ture ɗaya da gwiwa, ya tashi ya ci gaba. Ya rungumi bututun da aka mayar gorar tsalle ya faɗo kamar buhun gero, har mai gadi ya riƙe ciki. Bai zo na ɗaya a komai ba, sai dai kullum yana nan, na uku, na huɗu.

"Baba, taho ka hwaɗi sau guda, katihwar da taushi," in ji shi.

"Ka faɗi naka da nawa," na ce.

Juma'a ta biyu na ci jifan mashi, na kuma ci dogon gudu na ƙarshe da tazara mai yawa. Na tsaya ina haki, ina jiran a miƙo mini abina. Bajamushen ya tara maki a wayarsa, ya kira ɗan Maradi, ya rataya masa takalmin a wuya. Ni ina can kusa da na ƙarshe.

Sai ya ce saura abu ɗaya. A wasansu, in an gama, ba wanda ya ci kaɗai ke zagaya fili ba. Dukansu ne, na farko da na ƙarshe, hannu cikin hannu. Ya ce ranar da ya tashi ba maki ma ya yi wannan zagayen. Na juya zan tafi wajen mota, ɗan Maradi ya cafke wuyan hannuna, kuma hannun mai lodi ba a ƙwace masa. Haka na zagaya filin nan, takalmin yana lilo a ƙirjinsa, dab da fuskata.

Na yi zaton zai ce, Baba, ga shi, kai ka san darajarsa. Da na ƙi karɓa sau biyu, in karɓa a na uku. Bai ce ba. Ni ma girma ya hana ni roƙo. Muna komawa Manfuha ya ari filaya wurin mai gyaran keke, ya zauna a bakin ƙofa ya cire ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, wai suna kama masa tabarma. Ya take dunduniyar ya mai da shi silifa.

Bajamushen ya gama kwangilarsa ya koma gida. Takalmin ya zauna tare da mu. Da shi ɗan Maradi yake zuwa sayo burodi, da shi yake shiga banɗaki. Katifata ce ta bakin ƙofa, kuma a nan yake tuɓe shi, saitin kaina. Ƙusoshin na tsince su a ranar, ban san dalili ba. Suna cikin wani gwangwanin shayi har yau.