Opel ɗin Alhaji da Ƙaryar Kananzir

Wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, shekarun baya ina gyaran mota a bakin babban kwalbatin da ya raba Nima da Maamobi. Wani Alhaji mai shago a Adabraka ya aiko mini da tsohuwar Opel ɗinsa, injin yana sarƙewa, motar tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Direbansa, Baba Isa, dattijo ne ɗan Bawku, shi yake kawo ta.

Na canja fulogi, na canja wayoyi, na wanke kafireto, na sa wani koyil, sai ta yi kwana biyu lafiya ta dawo. Alhaji ya fara cewa ko dai hannuna bai iya ba. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, don kada sunana ya ɓaci sai na ce masa ina zargin Baba Isa yana haɗa fetur da kananzir. Ban gani ba, ban ma sansana tankin ba. Aka sallami dattijon, ya koma gida.

Motar ba ta daina ba, aka sake kawo mini ita. Wata Talata bayan azahar ni kaɗai, na buɗe bonet, kaina a cikin inji, sabo ya sa na ce, "Baba, taka mini totur." Jama'a, da idona na ga wayar totur ta ja kanta, injin ya tashi sumul, babu ko gargada. Sai na ji muryarsa daga kujerar direba, a hankali: "Masta, sansana man da kyau."

Na leƙa, babu kowa, gilasai a rufe.

Ranar na je na gaya wa Alhaji ƙarya na yi, a kira Baba Isa ya dawo aikinsa. Sai ya ce ai an binne shi tun Juma'ar da ta wuce.

Har aka sayar da motar ban gano ciwonta ba. Don Allah, in aiki ya gagare ku, ku ce ya gagare ku. Ni yanzu ba ni da wanda zan roƙa gafara.