Rabin Jirgin da Muka Ajiye a Gefe

Yanzu janareto nake kula da shi a wani gidan haya a Garki, in koma Kubwa in kwana. In na ce na taɓa aikin jirgin ƙasa, sai mutane su ɗauka sabon nan nake nufi, mai sanyi a ciki, wanda yake wucewa ta bayan unguwarmu. Ba shi ba. Tsohon nake nufi, na kaya, mai shan gas, wanda in ka yini a kansa sai ka kwana kana kakin baƙin majina. Mataimakin direba ne ni. Karatuna bai yi nisa ba, aikin kuma bai nemi mai nisa ba. Ka duba mai, ka duba ruwa, ka duba yashi, ka leƙa hanya ta ɓangarenka ka gaya wa direba abin da ka gani.

Lokacin da gwamnati take kwaso kayanta daga Ikko zuwa Abuja, babu dogo a Abuja ko taku ɗaya. Abin da aka ɗoro a jirgi a Minna ake sauke shi, manyan motoci su bi da shi ta Suleja. Mu a Jebba muke karɓa mu kai Minna. Siminti, rodi, kwanon rufi, teburan ofis. Kawunan jirgin kuwa duk sun gaji. Wanda yake tafiya, da kayan cikin 'yan'uwansa da suka mutu yake tafiya.

Wata Asabar da damina aka ba mu jirgi mai tsawo, ya fi ƙarfin kan da zai ja shi. Siminti da rodi a gaba. Can baya taragon fasal, na ƙananan kayan mutane, sai ɗakin gadi, ma'aikacin da yake kula da bayan jirgi, a ƙarshe. A ɗakin gadin akwai wani dattijo da ya roƙi arziki aka bar shi ya raka kayansa. Bayarabe ne, amma a Sabon Garin Zariya ya tashi, Hausa a bakinsa kamar tamu. Masinja ne a wata ma'aikata da aka mayar Abuja. Manya an ba su motoci, shi ba a ba shi ba, sai ya zuba duk abin da ya mallaka a fasal: gado, katifa, tukwane, da keken ɗinkin matarsa, wanda da shi gidan yake ci in albashi ya ƙare. Ya riga ya saki ɗakinsa na haya. Matar da yara suna raɓe a gidan wanta a Ikko, suna jiran ya aika su taho.

Kafin mu tashi ya tako har gaba da goro a hannu.

"Direba, Allah ya taimake ka. Litinin da safe nake so in ganni a Garki."

Maigidana direban tun zamanin jirgin gawayi yake aiki, bakinsa kuma babu laushi. Ya karɓi goron ya ce, "Wace Litinin, Baba Masinja? Suna da yawa a shekara."

"Ta jibi. Don Allah kada ka yi min wasa da ita. Ranar za a raba makullan ɗakuna. In aka kira ka ba ka tsaye a wurin, na bayanka za a miƙa wa. Wasu da aka tsallake har yau a barandar ofis suke kwana, da furfurarsu."

"To ka roƙi Allah ya riƙe ruwansa," in ji maigida. Ya bubbuga jikin injin. "Ni da tsohuwar nan ba ma faɗa sai ƙasa ta jiƙe."

Ruwa bai riƙu ba. Muna wuce Mokwa ya sauko, irin mai yini. Gaba kaɗan akwai wani hawa a cikin daji da duk direba ya san shi.

Wanda bai yi aikin ba ba zai gane ba: jirgi ƙarfe ne a kan ƙarfe. In dogo ya jiƙe, ƙafa sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Shi ya sa kan jirgi yake da akwatin yashi, da bututu mai zubo shi a gaban ƙafa. Amma sai busasshe, wanda aka gasa aka tankaɗe. Tsohon da yake mana wannan aikin an sallame shi ba a sa wani ba, sai aka koma loda mana na rafi da danshinsa. Ya dunƙule a bututu, ko ƙwaya ba ta fita.

Saboda haka na yi abin da muka saba. Na kwashi yashin a bokiti, na sauka, na shiga gaban jirgi ina barbaɗa shi da hannu a kan dogo, injin yana rarrafowa a bayana yana huci. In santsi ya kwashe ka a wurin nan, babu mai tsayar da shi saboda kai. Muna tafiya kaɗan-kaɗan, amma muna tafiya.

Sai ga Baba Masinja ya biyo gefen jirgi da gudu, jiƙe sharkaf, da kwanon abincin gadi a hannu. Ya ga layi ɗaya nake iya yi sosai, ɗayan sai ɗan abin da na watsa. Bai tambayi kowa ba. Ya duƙa a gefen hanya ya ɗebo jar ƙasa, ya shiga shimfiɗa ta a ɗaya layin, yana bismilla. Kafin in buɗe baki ƙafar ta hau kai. Jar ƙasa da ruwa a ƙarƙashin ƙarfe, miyar kuɓewa ke nan. Ƙafafun suka kwasa da ƙara, wuta tana tartsatsi, jirgi ya tsaya cik, sannan ya fara sulalewa baya. Maigida ya danna birki.

Ya leƙo ta taga. "Wa ya aike ka? Wa ya aike ka, bawan Allah?"

"Taimako na zo yi, Direba. Ƙasa ai ƙasa ce."

"A ofishinku!"

Mun sake gwadawa har yashina ya ƙare. Jirgin da ya tsaya a tsakiyar hawa da irin wannan nauyi ba ya tashi. Abin da ya rage shi ne a raba shi biyu. A gindin hawan akwai wata ƙaramar tasha da aka daina amfani da ita, babu kowa sai jemagu, amma layin ajiyarta na gefe yana nan. Muka koma da baya a hankali, muka tura rabin baya ciki, da fasal da ɗakin gadi, muka ɗaure birkin hannu, muka sa duwatsu a ƙafa. A ƙa'ida, za mu kai rabin gaba tasha ta sama, mu dawo mu ɗauki wannan. Gadi ne yake zama da shi.

Baba Masinja ya ce, "To sai in jira ku a nan ko?"

Maigida ya sauko. Ban taɓa jin ya yi wa wani magana a hankali kamar ranar ba.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Da a kan hanya muka bar shi, dole a zo a ɗauke, don ya tare wa kowa. Wanda aka sa a gefe ba ya tsone wa kowa ido. Ina da niyyar dawowa. Amma in na isa sama aka ce in wuce, wucewa zan yi. In ka biyo mu, gobe kana Minna, jibi kana Garki. In ka zauna, kana tare da kayanka, ranar tashi kuwa Allah ne ya sani."

"To a buɗe min in ɗauki keken kawai. Kansa kawai zan cire, in rungume."

Gadi ya girgiza kai. An buga wa ƙofar hatimin darma tun daga Ikko, ba a fasa shi sai a Minna. In ya fasa, duk abin da ya ɓata a taragon wuyansa ne, aikinsa kuma ya tafi.

"Ka yi haƙuri, Baba," in ji gadin. "Ai ina nan. Ina zan je?"

Dattijon ya tsaya ya dafa ƙofar taragon da tafin hannu, ruwa yana bin hannun rigarsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya shiga ɗakin gadi ya ɗauko 'yar jakarsa, wadda kakinsa na aiki yake ciki a goge, ya cusa ta a ƙarƙashin riga, ya hau kan jirgi tare da mu. Da rabin nauyi tsohuwar ta haye hawan ko tari ba ta yi ba.

A tasha ta sama saƙo yana jiran mu. Ana neman siminti, mu wuce, za a turo wani kai ya ɗauki sauran. Maigida ya yi ta faɗa da shugaban tashar, ya ce akwai mutum a daji, akwai kayan talakawa. Shi kuma ya ce ba shi ya yanke ba, daga sama ne. Duk mun san babu wani kai da za a turo. Baba Masinja yana zaune a kan akwatin kayan aikina yana ji. A haka muka isa Minna. Da safe na raka shi ya hau motar siminti.

Gadi ya zauna har garin kwakinsa ya ƙare, sannan ya tsayar da wani jirgi ya hau. Ban ga laifinsa ba. Mu kuma muka ci gaba da wucewa ta wurin, kullum da cikakken lodi, babu umarnin tsayawa. Duk wucewa sai na leƙa. Da farko ƙofar a rufe. Daga baya na ga babu hatimin. Daga baya na gan ta a wangale, ciyawa ta kai rabin ƙafar taragon. Maigida shi ba ya leƙawa, gabansa kawai yake kallo.

Sai bayan an yi girbi aka jawo rabin jirgin Minna. Na hau fasal ɗin. Fasassun tukwane, kashin awaki, yagaggen kwali. A lungu ga ƙafar keken ɗinki, ta ƙarfe, an kwance kan an tafi da shi. Nauyi ne ya hana ɓarayin ɗaukar ta.

Ranar hutuna na ɗora ta a motar siminti na bi ta. Zuwana Abuja na farko ke nan. Tituna masu faɗi babu mutane, jar ƙasa ko'ina, matan Gwari suna wucewa da itace a kafaɗa. Na yi ta tambaya a Garki har aka nuna min inda masinjoji suke.

Ya samu makullin. Ɗaki ne mai kyau, sabon fenti, har da famfo a waje. Tabarma ce a ciki, da buta, da kakinsa a rataye a ƙusa. Ya rame. Ya ce matar ta zo sau ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofa ta duba, ta tambayi kekenta. Washegari ta koma Ikko da yaran, tana ɗinki a wurin wata mata, da keken mai wurin.

"Ba fushi ta yi ba," in ji shi. "A nan me za ta yi? Ta zauna tana kallona?"

Na shigo da ƙarfen na jingina. Ya dube shi, ya dube ni.

"Ɗana, tsakaninka da Allah. Da ban zuba jar ƙasar nan ba, da mun haye?"

"Da ba mu haye ba, Baba. Yashina ya kusa ƙarewa, hawan kuma ko rabi ba mu yi ba."

Gaskiya na gaya masa, amma na ga bai yarda ba. Ya jawo ƙarfen tsakiyar ɗaki, ya goge tsatsar da gefen zanensa. Ya zauna a kan bokiti, ya ɗora ƙafa a kan matakin ya danna. Wilin ya juya, yana ɗan kuka. Ya ci gaba da dannawa. Na zauna a tabarma ina jira ya gama, har na ga motar komawa za ta wuce ni, na yi masa sallama na fita.