Azumin Ƙasar da Rana Ba Ta Fitowa

Kafin taubashina ya dawo, ni ne mutumin da ya ga duniya a bencin mai shayin zangonmu na Salaga. Lorin doya nake ja, daga Kpandai zuwa Yendi, daga Yendi zuwa Bawku, har na taɓa leƙa Togo ta Saboba. In na sauko na ce gada ta karye a wuri kaza, to ta karye. Wurin zamana ma sananne ne, nan dab da tukunyar shayi.

Shi kuwa ɗan gwaggota ne. Tare aka kore mu daga makarantar boko, ni a aji huɗu, shi a aji uku, don haka na fi shi ilimi, a rubuta wannan. Ya gangara Tema ya shiga jirgin masunta, Turawan jirgin suka wuce da shi can ƙarshen arewacin duniya. Sai wajen ƙarewar shekarun casa'in ya dawo, da wata riga mai gashi wadda ko tunkiya za ta ji kunyar sawa.

Ya zauna a bencinmu ya buɗe baki. Wai can tafki yakan daskare, mutum ya taka shi ya huda rami ya zura ƙugiya ya ciro kifi. Wai ya ɗaura katako a ƙafa ya zame daga kan dutse. Wai karnuka ne suka ja shi a wani amalanke marar taya, gashin bakinsa ya sandare, wani koren haske yana rawa a sama.

Na ce, "Bawana, kare? Kai da kakanninka suka yi ta kora jakuna a fataucin goro, ka ƙare a bayan kare?"

Ya ce, "Ubangidan wa? Karen nan ya fi lorinka gudu, kuma ba a tura shi da safe."

Aka yi dariya, mai shayi har da ƙwarewa. Washegari na tarar da shi a wurina, dab da tukunya. Na kawo labarin ɓarayin shanu a hanyar Bawku, labari mai kyau, har da bindiga a ciki. Wani ya ce, "Direba, dakata, bari ya gama na kifin."

Na kwana biyu ina neman inda zan kama shi, sai ya kawo kansa. Ya ce a lokacin sanyi rana ba ta fitowa ko kaɗan, sama da wata guda, kuma a cikin wannan duhun watan azumi ya same shi.

Na ajiye kofi, na gyara hula. Na ce, "Jama'a ku shaida. Rana ba ta fito ba, balle ta faɗi. To yaushe ka sha ruwa? Ko dai ƙarya kake mana, ko kuma ka cinye azumi ɗungurungum. Zaɓi ɗaya."

Benci ya juya ya zuba masa ido. Wallahi na ji daɗin kallon nan fiye da tuwon sallah.

Ya fara kame-kame, wai agogo ya bi. Na ce agogon wa? Na ja shi har zauren liman, rabin benci na biye da mu, ina tafe ina tausaya masa.

Liman ya saurara, ya cire tabarau. Ya ce, "Maimaita. Ba ta fitowa sam?" Sai ya matsa, ya ba shi gefen buzunsa. Ni da na kawo ƙara, a tsaye aka bar ni wajen takalma. Liman ya ce ya taɓa karanta cewa akwai irin wannan ƙasa, bai taɓa zaton zai ga wanda ya taka ta ba. Ya ce mas'ala ce babba, sai an ji ta bakin malaman Yendi da na Bawku. Ya waiwayo ya ce, "Direba, ai hanyarka ce. Ka kai musu."

Na kai. Malaman Yendi suka ce ya bi lokacin Makka, na Bawku suka ce na gari mafi kusa da ke ganin rana. Aka yi ta musu, ba wanda ya tuna da cewa ni na fara tambayar. Abin da ya fi ci mini rai, duka biyun sun ce a kawo shi su gan shi. Ni na ɗauko shi, a gaban lori, ya kishingiɗa da rigar gashinsa cikin zafin nan, yaran tasha na ɗaga masa hannu.

A Bawku, inda na shekara ashirin ina sauke doya, wata mai koko ta dube ni ta ce, "Baba, kai ne direban mutumin ƙanƙara?"

Na ce, "Yayansa ne ni."

Ta ce, "To miƙa masa wannan, ka ce kada ya biya."

Da muka koma Salaga ban ƙara neman gefen tukunya ba. Na koma ƙarshen benci, wajen kwata, inda shayi ke isowa da sanyi. Na yi ƙorafi sau ɗaya, taubashina ya ce ban san abin da ake kira sanyi ba, ya gyara zama ya fara daga farko.