Na Sa Hannu da Sunan Malamina

Ni haifaffen Argungu ne, ɗan masunci. Mahaifina da komar kamun kifi da gora ya ciyar da mu, in ruwa ya janye kuma ya gangara fadama ya dasa albasa. Ba mu da komai sai rufin asiri, amma ban taɓa kwana da yunwa ba, saboda haka kada wani ya ce talauci ne ya kai ni inda na je. Mutanen garinmu sun san ni. Ku da ba ku san ni ba, sunana ba zai ƙara muku komai ba, labarin nake so ku riƙe.

Allah ya yi mini baiwar rubutu. Wanda ya fara gano haka shi ne Malam Usmanu, malaminmu na aji huɗu a firamare, wani dogon mutum siriri mai zuwa makaranta a kan keke. Yakan ɗaga littafina ya nuna wa aji ya ce su koyi tsabtar aiki. Da na gama firamare mahaifina ya so in bi shi ruwa. Malam Usmanu ne ya yi ta sintiri gidanmu, yana zama a kan tabarma a zaure yana roƙo, har tsohon ya haƙura ya bar ni na wuce sakandare.

A can na gano cewa ba kyan rubutu kaɗai gare ni ba. In na kalli rubutun mutum sau biyu, sai in yi irinsa har shi kansa ya kasa rarrabewa. Farkon abin wasa ne. Wani abokina yana son fita gari, malamin ɗakin kwana ya hana shi takarda, sai na sa masa hannun malamin. Mai gadi ya duba ya buɗe ƙofa. Ranar yara suka yi ta yi mini kirari, suka sa mini suna Inji. Daɗin kirarin nan ne ya fara lalata ni, tun kafin a zo maganar abin duniya.

Da na gama makaranta aiki bai samu ba. Na koma Birnin Kebbi, na sami wuri a wani shagon buga takardu a unguwar Nassarawa. Aikina halal ne da farko: buga wasiƙa, kwafi, cike fom. Sai wani ya zo da takardar shaidar makaranta yana son a gyara masa maki ɗaya. Na gyara. Wani ya zo yana son a rage masa shekaru. Na rage. Kowane lokaci nakan ce wa kaina ai ba wanda aka cuta, taimako ne. Kafin shekara biyu na buɗe shagona, kuma abin da nake yi a bayan labule ya fi na gaban kanta yawa.

Nan Bala ya same ni. Bala shi ne hannun daman ɗan majalisar jiha na yankinmu, wanda kowa ke kira Honorabul. Jam'iyyarsu ta daɗe tana mulki, tun ina makaranta ita ce, har mutane sun daina tunanin akwai ranar da za ta sauka. Bala ya dubi aikina ya yi murmushi ya ce, "Kai, wanga hannu bai kamata shi ƙare ga takardun 'yan makaranta ba. Zaka mu yi aiki na manya."

Aikin farko da ya ba ni jerin sunayen manoman shinkafa ne na Ambursa, waɗanda aka ce an raba wa taki da injin ban-ruwa. Na zauna na sa wa kowane suna hannu daban, wani da boko, wani da ajami. Manoman ba su ga ko buhu ɗaya ba. Ni kuwa na sayi babur, na yi aure, na fara sa shadda. In na je Argungu mahaifiyata takan tambaye ni, "Wanga aiki naka, halal na?" In ce mata buga takardu ne kawai, Inna.

Sai zaɓe ya zo. A wata mazaɓa ta wajen garinmu Honorabul ya sha kaye sosai, kuma kayen ya isa ya raba shi da kujera. Washegari da hantsi Bala ya shigo shagona ya rufo ƙofa. Ya ajiye mini takardar sakamako wadda ba a rubuta komai a kanta ba, da kwafin ta gaskiya. Ya ce jami'in da ya tattara ƙuri'un mazaɓar wani tsohon malami ne mai taurin kai, an lallashe shi ya ƙi, an tsorata shi ya ƙi. Za su musanya takardar a hanya kafin ta isa inda ake haɗa jimla.

Ban ko buƙaci kwafin ba. Sa hannun da ke ƙasan takardar shi ne wanda yake ƙarshen kowane shafi na littafina na aji huɗu.

Na ce, "Bala, wanga malamina na."

Ya ce, "To ai ta kwana gidan sauƙi, ka san hannunai. Babu abin da za ya same shi. Wa za ya duba?"

Ina so ku sani ba a ɗora mini bindiga ba. Na yi jinkirin da bai fi na shan kofin ruwa ba, sannan na ɗauki biro.

An duba kuwa. 'Yan adawa suka kai ƙara kotun zaɓe, aka kira Malam Usmanu shaida. Ya rantse cewa waɗannan lambobi ba su ya rubuta ba, kuma bai sa hannu a wannan takarda ba. Lauyan Honorabul ya jera takardun makaranta masu sa hannun Malam kusa da ita ya ce kowa ya duba. Kotu ta gaskata takarda, ta kori ƙarar. Malam ya fito ba shi ga kowa. 'Yan adawa suka ce ya sayar da ƙuri'unsu sannan ya zo yana rantsuwar ƙarya. Masu mulki suka ce ya nemi tozarta su, aka yi ta yi masa bi-ta-da-ƙulli har ya rasa aikinsa saura kaɗan ya yi ritaya. Shi ke jan salla a masallacin unguwarsu in liman ba ya nan. Wata rana ya matsa gaba, sai wani dattijo ya riƙo rigarsa ya ce a ba wani.

Abin da ba zan manta ba ya faru bayan wata biyar. Ina zaune a shago da rana sai na ga Malam a bakin ƙofa da jakar leda a hammata. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya shigo mota tun daga Argungu don in buga masa takardar koke, domin ya ce ni kaɗai ya yarda da ni a Birnin. Na zauna na buga, yana faɗa ina rubutawa, yadda muke yi a aji. Da muka gama ya fito da kwafin takardar nan ya shimfiɗa a kan tebur, ya sa hannu a wata farar takarda kusa da ita.

Ya ce, "Ɗana, kai Allah ya ba ido ga rubutu. Duba min da kyau. Ko akwai wani bambanci da zan nuna musu?"

Akwai. Ni na san inda yake, domin shi daga ƙasa yake fara harafin farko, ni kuwa daga sama na fara. Na sunkuya kamar ina nazari, sannan na ce, "Malam, ban ga bambanci ba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ni ma haka nig gani. Wani lokaci har nakan ce ko ni na yi na manta." Ya tattara takardunsa ya sa mini albarka saboda na ƙi karɓar ladan bugu. Na raka shi tasha na dawo na ci gaba da aiki.

Shekara huɗu suka wuce, wani zaɓen ya zo. Wannan karon gari ya canza. Ambaliya ta cinye shinkafa a fadama, tallafin da aka yi ta shela a rediyo bai iso ba, kuma ni na san dalili, don da hannuna aka karɓe shi a takarda. Ranar zaɓen mutane suka ƙi komawa gida bayan sun jefa ƙuri'a. Masunta, manoma, har tsofaffin mata, suka tsaya a rana a kewaye da rumfuna sai da aka ƙirga a gabansu, matasa suna ɗaukar hoton sakamako da waya.

Duk da haka Bala ya ce a gwada. Washegari da safe ya kai ni wani gida a Nassarawa ya zube mini takardu. Ina rubutu rediyo na faɗin sakamako, kujera bayan kujera tana suɓucewa daga hannun jam'iyyar. Wajen ƙarfe goma muka fara jin hon na babura da guɗa daga titi. Jam'iyyar ta rasa rinjaye a majalisa, mulkin shekara da shekaru ya ƙare. Wayar Bala ta yi ƙara, ya ce bari ya amsa a waje. Ban sake ganinsa ba sai bayan shekaru. 'Yan sanda suka same ni zaune ni kaɗai, takardu a gabana, tawada ba ta bushe ba.

Honorabul ya ce bai taɓa ganina ba. Kafin a gama shari'ata ya koma jam'iyyar da ta ci.

A lokacin shari'ar na gaya wa lauyana maganar Malam Usmanu, na ce ina son in faɗa wa alƙali. Ya ce in na buɗe baki za a ƙara mini wata tuhuma, in bari sai na fito. Na ji daɗin shawarar, don dama abin da raina ke so ke nan. Aka yanke mini shekara biyar.

Ba zan daɗe a kan gidan yari ba. Akwai zafi, akwai ƙwarƙwata, akwai tuwon da ba ya ƙosarwa. Matata ta jure shekara ɗaya sannan ta nemi takardarta, ban ga laifinta ba. Mahaifina bai zo ba ko sau ɗaya. Inna ce ke zuwa da ƙullin busasshen kifi duk sanda ta sami hali. A shekara ta biyu ta zo ta zauna ta ce, "Malaminku ya rasu. Hawan jini ya kada shi, ya yi wata uku kwance. Jana'izar ba ta yi mutane ba."

Na fashe da kuka a gaban gandirobobi. Ta zuba mini ido har na yi shiru, sannan ta ce, "Kai na, ko?" Na ce ni ne. Ta ce ta daɗe tana zargi. Ta tashi ta gyara mayafi ta ce, "In ka hito, kada ka zaka min gida sai ka biya gidanai."

Haka na yi. Ranar da aka sake ni na shiga motar Argungu, na sauka na wuce gidan Malam kai tsaye. Babban ɗansa Aminu ya yi mini iso wurin mahaifiyarsa. Na durƙusa a tsakar gida na faɗi komai, har da zuwansa shagona da amsar da na ba shi. Aminu ya miƙe a fusace, uwar ta ɗaga masa hannu ya koma ya zauna.

Ta ce, "Ran da yad dawo daga Birni, yabonka ya yi ta yi. Ya ce ko kowa ya guje shi, yana da ɗa guda."

Na ce, "Inna, ku yafe mini."

Ta ce, "Abin da kay yi muna, ni da ɗiyana, na bar ma Allah, ba ni riƙe ka. Nashi kuwa ba ni da ikon yahe shi. Wanda za ka roƙa yana maƙabarta. Amma mutanen da sunka hana mai limanci suna nan da ransu. Tahi ka hwaɗa musu."

Bayan sallar la'asar na miƙe a masallacin unguwar na nemi a saurare ni. Na faɗa musu Malam Usmanu bai sayar da ƙuri'ar kowa ba, ni na rubuta takardar, ni na sa hannun. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni. Dattijon da ya riƙe masa riga ya rufe fuska da hannun babbar rigarsa yana kuka. Liman ya sa aka yi wa Malam addu'a, mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, aka bar ni tsaye.

Yanzu ina noman albasa tare da ƙanena a gonar da mahaifinmu ya bari. Ya rasu ina ɗaure, ban sami gafararsa baki da baki ba. Na tuba, ina kuma roƙon Allah kullum, amma ban san yadda zan ƙare da Malam ranar da za mu tsaya ba.

Ku matasa, ga abin da nake so ku ji. In Allah ya ba ku wata baiwa, akwai masu neman irinku, kuma da yabo za su fara zuwa, ba da barazana ba. Za su ce ƙaramin abu ne, ba wanda zai cutu. A kowace takardar ƙarya akwai mai cutuwa, ko ba ku san fuskarsa ba. Kada ku dogara da cewa masu gidanku ne ke mulki. Na ga jam'iyyar da aka ce ba ta faɗuwa ta faɗi da hantsi ɗaya, na ga manyanta sun sauya hula sun ci gaba da harkarsu, ni aka rufe. In kuma kun riga kun cuci wani, kada ku jira sai kun fita daga matsala, kada ku jira sai gobe. Ku je yau, tun yana da kunnen da zai ji ku da bakin da zai ce ya yafe. Ni na jira, na tarar da kabari.